Tarihin Ƙungiyoyin Magina A Ikko, Da Yaranmu Da Ba Su Cikin Rajista

Duk wanda ya daɗe a garin nan ya san irin sallamar da akan yi wa dattawan unguwa bayan la'asar, a ce ga wani yaro daga Arewa ya faɗo daga saman bene a wurin aiki. Da daminar da ta wuce mun ga irin wannan. Yaron yana ɗauke da kwanon kankare zuwa hawa na huɗu, gorar da aka ɗaura a jikin ginin don takawa ta karye da shi. Abokan aikinsa laƙabinsa kawai suka sani. Sai da muka kwana uku muna bin lambobin da ke cikin wayarsa kafin a samu wanda ya san garinsu. Ɗan kwangilar ya aiko da kuɗin likkafani da na motar gawa, ya ce a yi haƙuri. Daga nan ba mu sake jin ɗuriyarsa ba.

A wurin zaman makoki wani matashi ya yi tambaya, ya ce shin su magina ba su da ƙungiya ne, kamar yadda direbobi da mahauta suke da ita? Amsa ita ce suna da ita, kuma gwagwarmayarsu a garin nan ta girmi ita kanta Nijeriya. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu waiwayi tarihin, don mu ga yadda aka samu haƙƙoƙin da ke rubuce a doka, da kuma inda aka bar namu yaran a baya.

Yajin Farko

A watan Agusta na 1897, shekara 17 kafin a haɗe Kudu da Arewa, ma'aikatan Hukumar Ayyuka ta gwamnatin Turawa a Ikko, wadda tsofaffi ke kira P.W.D., suka ajiye kayan aiki. Gwamna McCallum ne ya taɓa ladarsu da lokutan aikinsu, yana ganin ana biyan lebura fiye da kima. Birkiloli da kafintoci da leburori suka ƙi fita har kwana uku, dole gwamna ya sassauta. Masana tarihi na lissafa wannan cikin yajin aiki na farko-farko da 'yan albashi suka yi a ƙasar nan. A lura, ba su da ofis, ba su da sakatare, babu wata doka da ta san da su. Abin da suke da shi kawai, kowa ya san ɗan'uwansa, kuma da aka ce a tsaya aka tsaya tare.

A daidai wannan lokacin ne ake shimfiɗa layin dogo daga Ikko. An fara aikin a 1896, ya isa Badun a 1901, shekarar da aka gama gadar Carter wadda ta haɗa Iddo da tsibiri. Ta can Arewa kuma, layin da aka taso da shi daga Baro ya shiga Kano a 1911, a 1912 aka haɗe layukan biyu. Kafin a gama gadar Jebba, a kan jirgin ruwa ake haye kogin Kwara da taragu. Da yawa daga waɗanda suka sare daji suka haƙa ƙasa a layin Baro zuwa Kano talakawa ne da aka ɗebo ta hannun sarakuna da hakimai, ba don suna so ba. Turawa sun rubuta tsawon dogo da kuɗin da ya ci. Sunayen waɗanda zazzaɓi da gudawa suka kashe a sansanin aiki kuwa, sai dai iyayensu.

To, mu 'yan kasuwa sai mu tuna cewa a kan wannan gumin muka zauna. Dogo ne ya mayar da tafiyar fatake ta watanni ta koma ta kwanaki. Shi ya kai gyaɗar Kano bakin teku, ya sauko da shanu, ya hau da goro. Tashar jirgi ce ta tara kakanninmu a Agege suna sayen goro suna ɗaure huhu. Sabon Badun an kafa shi a 1916. Da aka buɗe kwatar manyan jiragen ruwa a Apapa a 1926, ciniki ya ƙara buɗewa. Duk inda lebura ya kafa diga, bayan 'yan shekaru za ka tarar da zango da masallaci da kasuwa.

Doka Ta San Da Ƙungiya

Sai a 1938 gwamnatin Turawa ta yi dokar da ta yarda ma'aikata su kafa ƙungiya su yi mata rajista, ko da mutum biyar ne. Ma'aikatan reluwe ne suka riga kowa, suka yi rajista a 1940 a ƙarƙashin Michael Imoudu. Na Hukumar Ayyuka da na sauran ma'aikatu suka biyo baya. A 1941 kuma aka yi dokar biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni ko ya mutu a bakin aiki. Kafin nan, in katako ya faɗo maka a ƙafa, sai abin da Bature ya ga dama.

Yaƙin Duniya na Biyu ya kawo tsadar kaya, albashi kuwa bai motsa yadda ya kamata ba. Ma'aikata suka nemi ƙarin kuɗin tsadar rayuwa, wanda suke kira Kola, ba dai goron da muke sayarwa ba. Da gwamnati ta ƙi, a watan Yuni na 1945 aka shiga yajin gama-gari, ya ɗauki fiye da kwana 40. Jirgin ƙasa ya tsaya, kwata ta tsaya, gidan waya ya tsaya. Tsofaffinmu sun ce goro ya sha wuya a tasha a wannan damina. Amma abin da ya kamata mu riƙe shi ne, matan kasuwar Ikko, a ƙarƙashin Alimotu Pelewura, sun mara wa masu yajin baya, duk da su ma cinikinsu ya ja baya. Sun gane cewa aljihun ma'aikaci shi ne kasuwarsu. A ƙarshe gwamnati ta kafa kwamitin Tudor Davies, a 1946 aka ba da ƙarin.

Ba kullum ake rabuwa lafiya ba. A can Inugu, ranar 18 ga Nuwamba 1949, 'yan sanda suka buɗe wuta kan masu haƙar kwal a ramin Iva, suka kashe mutum 21. Su ba magina ba ne, amma jininsu ya girgiza ƙasar baki ɗaya, ya sa maganar ma'aikata ta haɗe da maganar neman mulkin kai. Bayan samun 'yanci ma an sake yajin gama-gari a 1964 a kan albashi. Duk wani abu da ma'aikaci ke gani kamar ruwan dare a yau, hutun shekara, kuɗin asibiti, kuɗin sallama, sai da wasu suka kwana da yunwa kafin a rubuta shi.

Zamanin Mai Da Siminti

Bayan yaƙin basasa kuɗin mai ya shigo, Ikko ta koma wurin gini daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Gadar Eko, wadda kamfanin Julius Berger ya samu kwangilarta a 1965, aka yi ta ƙara mata tsawo har 1975. Aka gina babban ɗakin wasanni na Iganmu saboda bikin FESTAC na 1977, aka gina unguwar Festac sukutum, aka buɗe kwatar Tin Can a 1977, babbar hanyar Ikko zuwa Badun a 1978. Mu lokacin muna yara, amma mun tashi mun ji iyayenmu na labarin kuɗin Udoji, ƙarin albashin da aka amince da shi a 1974, yadda aka wawashe rediyo da keke da atamfa a kantuna.

Gaggawar ta kai ga abin kunya. A 1975 hukumomin gwamnati suka yi odar siminti wajen tan miliyan 20, alhali kwatar Ikko ba ta iya sauke ko kusa da haka a shekara. Jiragen ruwa sama da 400 suka yi layi a teku wata da watanni, ana biyansu kuɗin jira, siminti na daskarewa a cikinsu. Wannan ya nuna mana tun wuri cewa yawan kuɗi da yawan gini ba su ne tsari ba.

A waɗannan shekarun ne kuma fari ya afka wa Arewa da Nijar, musamman 1973 da 1974. Samari suka yi ta gangarowa Kurmi ci-rani, wasu gadi, wasu dako, da yawa kuma lebura a wurin gini. Wanda ya yi sa'a ya shiga babban kamfani, ya samu kati mai lamba, da hular kwano, da takalmin aiki, da motar da ke kai shi ta dawo da shi. Har yau akwai dattawa a unguwanninmu da suka gina gida a garinsu da kuɗin sallamar irin wannan aiki.

Ƙungiya 42

Kafin 1978 ƙananan ƙungiyoyin ƙwadago sun kusa dubu, kowane kamfani da tasa, ga rigingimun shugabanci. Gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta narkar da su ta mayar da su 42, kowace sana'a da tata, a ƙarƙashin uwa ɗaya, wato NLC, wadda aka ƙaddamar a Badun a watan Fabrairu na 1978. Shugabanta na farko, Alhaji Hassan Sunmonu, daga Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya ya fito. Cikin 42 ɗin nan akwai ta ma'aikatan gine-gine da hanyoyi da gadoji. A 1996, zamanin Janar Abacha, aka sake rage yawan ƙungiyoyin zuwa 29, aka haɗe ta magina da ta masu aikin katako da kujeru.

Aikin wannan ƙungiya shi ne ta zauna da ƙungiyar manyan 'yan kwangila a teburi ɗaya, a yi ciniki kamar yadda muke yi a kasuwa: nawa ne albashi, nawa ne kuɗin ƙarin lokaci, me za a ba mutum in aiki ya ƙare, wane kayan kariya kamfani zai raba. In an sa hannu, ya hau kan kowane kamfani da ke ciki. Uwar ƙungiya kuma ta ja yajin watan Mayu na 1981, wanda ya haifar da dokar mafi ƙarancin albashi ta farko, Naira 125 a wata, zamanin Shugaba Shehu Shagari. Hutun ranar ma'aikata ma, Gwamna Abubakar Rimi ya fara ba da shi a Kano a 1980, kafin ya zama na ƙasa a 1981.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Tsarin 1978 ya ce a riƙa cire kuɗin ƙungiya kai tsaye daga albashi. Wannan ya ba ƙungiyoyi ƙarfi da kuɗi, sai dai ya ɗaure zama ɗan ƙungiya da takardar albashi. Wanda sunansa ba ya cikin littafin biyan kamfani, ƙungiya ba ta da hanyar ganinsa. Dokar mafi ƙarancin albashi ita ma ta tsame ƙananan wuraren aiki: ta 1981 ta tsame masu ƙasa da mutum 50, ta 2019 ta tsame masu ƙasa da 25. Don haka ko da aka kai shi Naira 70,000 a 2024, mai ɗaukar bulo a ginin wani attajiri bai san an yi ba.

Yadda Aka Koma Aikin Yini

Da farashin mai ya faɗi, aka shiga tsuke bakin aljihu a 1982, sannan shirin SAP a 1986. Ayyukan gwamnati suka tsaya, kamfanoni suka sallami dubban mutane. Mun ga buɗe gada ta uku da idonmu a 1990, mai tsawon kusan kilomita 12, amma a Disamba 1991 gwamnati ta tattara ta koma Abuja, manyan kwangiloli suka bi ta. Gini bai tsaya a Ikko ba, sai dai ya sake kama. Ya koma hannun masu kuɗi da 'yan kasuwar gidaje, kowa na neman ya gama da araha.

Ga yadda abin ke tafiya, kuma kowa a cikinmu ya sani. Mai gini ya ba ɗan kwangila. Ɗan kwangila ya yanka aikin ya ba ƙananan 'yan kwangila, wannan kankare, wannan rodi, wannan bulo. Shi kuma ƙaramin ya kira helma ya ce gobe za a zuba dakin, a kawo mutum talatin. Helma ya fita da asuba bakin mahaɗa, inda samari ke zaune da shebur da diga, ya nuna da yatsa. Kowane hannu da kuɗin ya bi sai ya ragu. Kafin ya iso ƙasa babu na hular kwano, babu na igiyar ɗaure ƙugu, babu na ƙarfen takawa, sai gora da tsohon katako. Da yamma a biya kowa a hannu, a watse. Dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa kafin ya wuce wata uku. To wanda kullum sabon ɗauka ne, yaushe zai cika wata uku?

Ƙarshen wannan hanya mun gan shi ranar 1 ga Nuwamba 2021, da bene mai hawa 21 da ake ginawa a titin Gerrard a Ikoyi ya rufta. Fiye da mutum 40 suka rasu, har da mai ginin. Aka yi kwanaki ana tono ba a san adadin waɗanda ke ƙarƙashi ba, sai da aka buɗe wurin da dangi za su zo su ba da sunan wanda suke nema. Mai karatu ya tsaya ya yi tunani: yaron da iyayensa ke wani ƙauye a Jigawa ko Maraɗi, waɗanda ba su ma san a wace unguwa yake kwana ba, wa zai je ya ba da sunansa?

Abin Da Doka Ta Tanada

Ba a rasa dokoki ba. Dokar inshora ta 2003, wadda aka maye gurbinta da wata a 2025, ta wajabta wa mai gina bene da ya haura hawa biyu ya yi inshora saboda ma'aikata da masu wucewa. An fito da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa a 2006. Jihar Legas na da hukumar duba gine-gine da hukumar kiyaye haɗurra. Wadda ta fi shafarmu ita ce dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta maye gurbin ta 1987. Ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun hukumar NSITF. Daga nan ake biyan magani, da diyyar naƙasa, da kuɗin wata-wata ga matar mamaci da 'ya'yansa. Ba sai an tabbatar da laifin wani ba, kuma har haɗarin hanya tsakanin gida da wurin aiki ya shiga ciki.

Abin da da yawa ba su sani ba, dokar ta ambaci mai aikin wucin-gadi da ɗan koyo, ko da yarjejeniyar ta baka ce. Amma tana da wa'adi. Ana so a sanar da mai aikin cikin kwana 14, a shigar da neman diyya cikin shekara ɗaya. Kuma dole a iya nuna cewa wane ɗan wane ya yi aiki a wuri kaza ranar kaza. A nan muke faɗuwa. Mukan yi gaggawar sutura, wanda daidai ne, sannan mu ce ƙaddara ce, mun yafe. Ƙaddara gaskiya ce. Amma a Islamiyya an karantar da mu cewa ko kisan kuskure yana da diyya, kuma haƙƙin magada ne. Mu da muka karɓi kuɗin likkafani muka yi godiya, wa ya wakilta mu mu yafe haƙƙin marayu?

Abin Da Ya Rage Mana

Har yanzu gini ne ke jan arzikin yankin nan. A 2021 aka buɗe gadar sama ta Pen Cinema a Agege da sabon dogon Ikko zuwa Badun. A 2023 aka buɗe kwatar Lekki da matatar man Ɗangote, a 2024 jirgin cikin gari ya fara bi ta Agege. Duk wurin da aka kafa ginshiƙi, mai shayi ya samu, mai tuwo ta samu, mai goro da mai rake da mai sayar da katin waya sun samu, kuma duk ƙarshen mako kuɗi na tafiya gida a sayi taki da hatsi. Ranar da lebura ya karye a baya, wannan igiyar ta tsinke tun daga teburinmu har rumbun mahaifinsa, ɗawainiyarsa kuma ta dawo kan karo-karonmu. Wato mu ne inshorar da ɗan kwangila ya ƙi biya.

Shawararmu ga shugabanni ba ta fi ƙarfinmu ba. A buɗe littafi a fadar Sarkin Hausawa na kowace unguwa da manyan masallatanmu, duk yaron da ya sauka a rubuta cikakken sunansa, da garinsu, da lambar wani nasa. Helmomin da ke cikinmu, don da yawansu namu ne, a ɗora musu rubuta sunan duk wanda suka ɗauka da wurin da suka kai shi, ko a takardar makaranta ce. In haɗari ya faru, kafin a karɓi ko sisi a samu shaidu biyu, a ɗauki hoton wurin, a karɓi takardar asibiti, a sanar da 'yan sanda. Cikin 'ya'yanmu akwai lauyoyi, a nemi ɗaya ya riƙa bin irin wannan magana. Sannan a tura wakilai su zauna da reshen ƙungiyar magina na jiha, a ji ta wace hanya masu aikin yini za su shiga inuwarta. Mu masu gina shaguna da gidajen haya kuma mu fara da kanmu. Kuɗin hular kwano goma bai kai na jigilar gawa ɗaya zuwa Arewa ba.

Mutanen 1897 ba su da doka ko ɗaya a bayansu, amma sun san sunan juna, gwamna ya saurare su. Mu ga dokoki a rubuce, sunayen ne babu. Yaron nan na damina ya bar mata da 'ya ɗaya, kuma shekara ba ta cika ba tukuna. Duk wanda ya yi aiki tare da shi a ranar, muna roƙo ya zo ofishin ƙungiya bayan sallar Juma'a a rubuta shaidarsa. Allah Ya jiƙansa, Ya kare sauran, Ya sa mu dace.